Allon da Ba Zai Hau Bangona Ba

Kano ba ta yi mini maraba ba, kuma har yau da na tsufa a cikinta ban daina yi mata gori ba. Na sauka da rana tsaka, ƙafafuna a kumbure saboda zaman mota tun daga Damagaram, ɗan jarina na kuɗin awaki ɗaure a ƙugu. Aurena na fari ya mutu a lokacin, na kuma rantse ba zan zauna a gidan baffana ina jiran a miƙo mini sabulun wanki ba. An gaya mini atamfa a Kantin Kwari take, duk wadda ta saro ta kai gida ba ta rasa riba. Babu wadda ta gaya mini inda mace take kai kanta idan kasuwa ta tashi.

A bakin kasuwar wani mai farar shadda ya tare ni. Ina buɗe baki ya gane inda na fito.

"Hajiya, daga Nijar ko? Ai gida kika zo. Kakata ma 'yar can ce."

Daga baya na gane duk ɗan damfarar garin nan kakarsa 'yar Nijar ce. Amma ranar daɗi na ji, na bi shi lungu-lungu har wani shago. Aka zube mini atamfa mai kyau, na murza, na shinshina, na zaɓa, na biya. Ya ce in je in yi azahar, kafin in dawo sun ɗaure mini kayan tsaf. Na tafi ina sa masa albarka. Da na dawo na tarar da kayan a ɗinke cikin buhu, shi kuma an ce ya je cin abinci.

Kafin mai kura ya kai ni tasha, motar garinmu ta cika ta tafi, aka ce sai gobe. Wani ya ce in nufi wajen Sabon Gari, ba a rasa wurin kwana. Na je na rasa wanda zan tambaya, don duk fuskar da na kalla sai in ga ba ta yi mini ba. Na zauna a kan buhuna a gefen kasuwa ana ta rufe shaguna, tsoro ya kama ni sosai.

A nan Iya Sikira ta same ni. Bayarabiya ce Musulma, haifaffiyar Kano, tana sayar da robobi da kwanuka. Ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"Ke baiwar Allah, wa kike jira?"

Na ce ba kowa.

"Kin ci abinci? To tashi. Ke ba kaya ba ce da za ki kwana a kasuwa."

Ba ta tambayi sunana ba sai da na ci na ƙoshi. A tsakar gidanta muka farke buhun don ta ga abin da na saro. 'Yan turame ne a sama, ƙasa kuwa tsummokara da ragowar yankan tela, an danna su dam. Na yi kuka har muryata ta dishe. Iya ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Gobe da safe ki bi ni shago. Hannu nake nema."

Haka na maƙale a Kano. Kunya ta hana ni komawa gida hannu rabbana, na aika wa innata cewa kasuwa ce ta riƙe ni. Kewa ta ci ni ba kaɗan ba. Furar nan ba ta yi mini daɗi, yaran unguwa suna kwaikwayon maganata suna dariya, in na faɗi wata kalmar da muka saba da ita a can sai a ce 'yar Faransa ta fara. Duk ranar Juma'a nakan je tashar motocin Nijar, ba don ina da saƙo ba, sai don in ji ana magana irin ta gida.

A tashar nan na fara ganin mata irina. Mota ta tafi ta bar su, ko ba su gama sayayya ba, suna zaune a kan kayansu suna rarraba ido. Na fara jan su zuwa gidan Iya, ɗaya-ɗaya, har ta ce da ni, "Mariyama, ke kam sai kin mayar mini da gida tasha." Tana faɗa tana ƙara shinkafa a tukunya.

Daga baya na auri Malam Tanimu, wani tela ɗan Fagge, mutum mai sanyi wanda ya iya zama da masu zafi irina. Muka zauna a gidansa na Kwaciri, muka haifi 'ya'ya mata biyu. Da Allah ya karɓi ransa, na sayi kason danginsa da gumina, na ƙara ɗakuna a tsakar gida. Matan da suke zuwa sarin kaya suka dawo wurina gaba ɗaya: 'yan Maraɗi, 'yan Damagaram, 'yan Difa, har da na Chadi da Garwa. Mace ta yi kwana biyu ko uku, ta gama sayayyarta, ta ba ni abin da muka saba na ruwa da wuta da abinci, ta kama hanya.

Gidana yana da dokokinsa tun kafin kowa ya kafa mini doka. Namiji ba ya wuce zaure, ko ɗan uwan wacce ne. Bayan isha'i ƙofa a rufe take. Kuma mazajen matan nan duk suna da lambata. Mutum zai kira daga Maraɗi ya ce, "Hajiya, iyalina sun iso?" In ce sun iso, ga ta nan tana alwala. Da yawansu ba za a bar su su tako Kano ba in ba don an san a gidan Hajiya Mariyama za su sauka ba.

Shekarun baya-bayan nan sai wata sabuwa ta shigo unguwa. Wasu masu gidaje suka fara ba samari hayar ɗaki na kwana ɗaya ta waya, ba su san su ba, ba su damu su sani ba. Kiɗa, shaye-shaye, faɗa a kan layi. Maƙwabta suka kai ƙara, kuma ni ban ga laifinsu ba, don ni ma na sha zagin waɗannan yaran ta taga. Amma da ofishin da ke kula da harkar gidaje ya tashi gyara, sai ya haɗa mu gaba ɗaya. Aka ce daga yanzu babu gidan zama da zai ƙara saukar da baƙon da ke biyan kuɗin kwana.

Wata safiya suka zo da mota, su da kwaɗuna da gwangwanin jan fenti. Na fito zaure na tare su.

"Mama, umarni aka ba mu," in ji babbansu, yana kauce wa idona.

"Wanda ya ba ku umarnin ya taɓa leƙo gidan nan? Shiga ka gani. Tsofaffi ne da masu goyo. Wacce ce a ciki ta yi maka kama da 'yar rawa?"

"Mama, ni dai aikina nake yi."

Suka sa baƙina suka fito da kayansu tsakar gida, suka garƙame ɗakunan, suka shafa wa bangon waje fenti. Mutanen layi suna tsaye suna kallo. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun ranar buhun tsummokara, amma wannan karon ban yi kuka ba. Na kwashe matan na zuba su a ɗakina da na 'ya'yana, ni na shimfiɗa tabarma a rumfa. Dokar ta ce baƙon da ke biya, to na daina karɓar ko sisi, in ga wanda zai hana ni yin baƙi a ɗakin kwanana.

Ba ni kaɗai aka rufe wa ba. Alhaji Modu, wani dattijo ɗan asalin Barno da ya daɗe yana saukar da fatake maza a Fagge, ya kira taron masu gidaje a zaurensa, aka ce za a shigar da ƙara kotu. Ni kaɗai ce mace. Na zauna daga bakin ƙofa ina jin su. Da aka zo rubuta sunaye, wani ya matsa kusa da Alhaji yana magana ƙasa-ƙasa, ya manta kunnena ƙalau yake.

"Alhaji, a bar sunan Hajiya. 'Yar Nijar ce, kar a ce baƙi ne suke ja da hukuma, a ɓata mana shari'a."

Na ce, "Malam, ɗago ka faɗa da ƙarfi. Lokacin da na zo garin nan kai ko wando ba ka fara sawa ba. Mijina a maƙabartar unguwar nan yake kwance, 'ya'yana a nan aka yanke musu cibi, takardar gidana da sunana take. In ba a sa ni ba, ni kaɗai zan nemi lauyana."

Alhaji Modu ya yi dariya ya ce, "A rubuta ta. Gara tana cikinmu da a ce tana waje."

Muka ɗauki wani lauya mai suna Barista Nura. Ya yi mana bayani cewa ofishin ya yanke hukunci ba tare da ya saurare mu ba, kuma akwai tambaya ko ma yana da hurumin kafa irin wannan doka. Na ji daɗin bayanin, na ɗauka mako mai zuwa za a buɗe mini ɗakuna. Ashe kotu wata tafiyar ce daban. Yau a ce lauyan hukuma bai zo ba, gobe a ce mai shari'a ya tafi taro, jibi a ce wata takarda ba ta iso ba. Mu sa kayanmu masu kyau mu je mu zauna a benci, a yi Turanci a kanmu, a ce an ɗaga. Damina ta shigo ta same ni a rumfa, na koma kwana a kicin. Baƙi suka ragu, don mata suna jin nauyin su takura ni, wasu kuma mazajensu sun ji labarin an rufe gidan sun ce a dakata.

Ana cikin haka Alhaji Modu ya aiko a kira ni. Na tarar da zauren cike, kowa fuska a sake, har an sayo lemo.

"Hajiya, Allah ya kawo ƙarshen wahala," in ji shi. "An yi sulhu. Za su buɗe mana gidaje, mu janye ƙara. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya yi rajista a matsayin gidan saukar baƙi, a ba shi allo ya kafa a bangon waje."

"Allon me zai ce?"

"Sunan gida, da shaidar cewa masauki ne. Irin dai na ƙananan otal-otal."

Na ce, "Ban yarda ba."

Su maza ne masu saukar da maza, allo ba ya rage musu komai, talla ma zai yi musu. Ni kuwa na san abin da allon nan yake nufi a Maraɗi da Damagaram. A can, matar aure ta kwana a gidan wata Hajiya ba komai ba ne, zumunci ne. Amma a ce ta kwana a otal, ko da ita kaɗai ce a ɗakin da Alƙur'ani a hannu, ta gama yawo da mutuncinta. Direba ɗaya ya isa ya kai labari tasha, kafin ta isa gida uwar mijinta ta ji. Ɗakunan su ne dai, ni ce dai, ƙofar da ake rufewa bayan isha'i ita ce dai, amma ranar da allon ya hau bango babu mijin da zai ƙara barin matarsa ta zo.

Na yi musu wannan bayanin. Wani ya ce, "Haba Hajiya, ƙarfe ne fa kawai da rubutu."

"Ka bar matarka ta kwana a gida mai irin ƙarfen, sai ka zo mu yi magana."

Alhaji Modu ya sassauta murya. "Mariyama, mu ma muna da iyali. Wata nawa gidajenmu a rufe? Kina so mu ƙi abin da ya samu saboda ke kaɗai?"

"Ban ce ku ƙi ba, Alhaji. Ku karɓa, Allah ya sa albarka. Ni dai a bar sunana a kan ƙarar."

"Ke kaɗai za ki ja da hukuma? Ki tuna fa daga inda kika fito."

Wannan maganar ta yi mini ciwo, don daga bakinsa ban zace ta ba. Na ce, "Na tuna sarai. Shi ya sa ma." Na ɗauki takalmana na fita, lemon ko buɗe shi ban yi ba.

A makon nan Sa'a ta kira ni. 'Yar Maraɗi ce da ta daɗe tana sauka a wurina, da sarin atamfar nan take ciyar da 'ya'yanta da tsohuwarta, don mijinta Malam Illa manomi ne, abin da gona ta bayar ba ya kai su shekara. Tana magana a hankali kamar mai tsoron a ji ta.

"Hajiya, labari ya iso nan wai gidajen Fagge duk sun koma otal. Malam ya ce in har da naki, in manta da hanyar Kano."

Na ce, "Ki gaya masa nawa yana nan gida."

Na je ofishin Barista Nura na ce mu ci gaba. Ya gaya mini gaskiya, ban kuma ji haushinsa ba. Ya ce yanzu da sauran suka janye, hukuma za ta ce ga hanya an buɗe, ni ce na ƙi bi. Ya ce za mu iya faɗuwa. Na ce in faɗi a kotu ya fi mini in kafa allon da hannuna. Na sayar da sarƙar da Malam Tanimu ya yi mini, muka ci gaba.

Na biya wurin Iya Sikira, wadda tsufa ya zaunar da ita a gida, ido ma ya yi rauni. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya ba kya jin magana. Yaushe ne zaman kotun? Ki sa a zo a ɗauke ni."

Ranar zaman, benci ɗaya ya ishe mu: ni, Iya, da 'ya'yana. Lauyan hukuma ya miƙe ya yi dogon bayani, tafinta yana juya mini. Wai an ba ni dama kamar kowa, wai taurin kai ne kawai, wai allo ba ya cutar da kowa. Da ya zo nan ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, yana cutarwa! A tambayi matan da za a sako saboda shi!"

Mai shari'a ya buga tebur, ya ce in na ƙara magana ba a ba ni izini ba zai sa a fitar da ni. Iya ta ja mini mayafi na zauna. Barista Nura ya ba da haƙuri a madadina, sannan ya yi nasa aikin a natse. Ya ce gidana ba ya karɓar duk wanda ya ƙwanƙwasa, mata ne sanannu, kuma babu maƙwabcin da ya taɓa kai ƙarata. Ya roƙi a buɗe ɗakunan, a bar komai yadda yake kafin a yanke hukunci.

Mai shari'a ya yi rubutu mai tsawo. Daga ƙarshe ya ce a cire kwaɗunan, kada a tilasta mini kafa komai sai an gama shari'a. Ya kuma kalle ni ta saman tabarau ya ce kada in ɗauka na yi nasara, magana tana nan gaba. Har yau da nake wannan rubutu ba a gama ba, an sake ɗagawa zuwa bayan Sallah.

Kwaɗunan dai sun fita. Na share ɗakuna, na shanya katifu, na kira duk wadda nake da lambarta. Wasu suka dawo. Sa'a kuwa shiru, har na fara cire rai.

Wata ranar Talata da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, 'yata ta ce ana sallama. Na fito na ga adaidaita a ƙofa, Sa'a a ciki ba ta sauko ba, jakarta a kan cinya. A tsaye kuma wani siririn mutum da rawani, ƙurar hanya har gira. Malam Illa ne da kansa. Ya biyo ta tun daga Maraɗi don ya gani da idonsa.

Muka gaisa. Na ce ya shigo zaure ya sha ruwa, ya ce tukuna. Ya ja da baya ya dubi bangon tun daga sama har ƙasa. Ya taka zuwa kwanar layi inda gidan wani cikin waɗanda suka yi sulhu yake, ya tsaya ya daɗe yana kallon sabon allonsa, sannan ya dawo.

"Hajiya, na ga wanga gida babu. Amma an ce mini shari'a ba ta ƙare ba."

"Ba ta ƙare ba, Malam."

"To in alƙali ya ce sai kin kafa, mi za ki yi?"

Na ga Sa'a ta sunkuyar da kai a cikin adaidaita. Da na ce masa na tabbata zan ci, da ƙila ya fi jin daɗi, amma ban saba yi wa mazajen baƙina ƙarya ba.

Na ce, "Sai in ɗaukaka ƙara. In can ma na faɗi, su zo su mayar da kwaɗunansu, in koma kicin da kwana, matarka ta kwana a gadona. Allo dai ba zai hau bangon nan ba ina numfashi."

Ya dube ni ya daɗe, ni ma ban kau da ido ba. Sannan ya juya ya leƙa cikin adaidaitar.

"Sauko," ya ce da ita. "Jibi in kin gama ki kira ni."

Ya miƙa mini jakarta da hannunsa, ya shiga mazaunin da ta tashi, ya ce da direban ya mayar da shi tasha.